Hukuncin Haɗa Wayar Salula Da Wayar Gida: Sauraron Kira, Ciniki, Aure Da Saki

Tambaya

A gidaje da shaguna da ofisoshi ana haɗa wayar salula da wayar gida, ta yadda kira ɗaya zai shiga wayoyi biyu ko uku, wanda ya fi kusa ya ɗauka. Shin yin haka ya halatta? Mene ne hukuncin wanda ya ɗaga ɗaya wayar yana sauraron maganar da ba da shi ake yi ba, ko da maigida ne? Kuma ciniki da canjin kuɗi da ɗaurin aure da saki da aka yi ta waya suna inganta?

Amsa a taƙaice

Haɗa wayoyin halas ne. Sauraron kiran wani ba da saninsa ba haramun ne, miji ne ya yi ko mata ko mai shago. Ciniki ta waya yana ƙulluwa kamar na mutanen da suke zaune wuri ɗaya, sai dai canjin kuɗi da cinikin salam suna buƙatar a karɓi kuɗi, aure kuma yana buƙatar shaidu. Saki yana aukuwa idan ya tabbata mijin ne ya furta shi.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Na farko: yadda haɗin yake

Ba a yanke hukunci a kan abu sai an san surarsa. Haɗin da ake tambaya a kai yana zuwa ta fuska huɗu.

1. Wayar girke mai reshe. Layi ɗaya ne ya shigo gida ta igiya, aka rataya masa wayoyi biyu ko fiye, ɗaya a falo ɗaya a ɗaki. Duk wanda ya ɗaga tasa yayin da ake magana zai ji ɓangarorin biyu. Irin ta ce aka sani a Nijeriya a zamanin NITEL, kafin wayar salula ta GSM ta fara aiki a watan Agusta 2001. Yanzu ta yi ƙaranci a gidajenmu, amma tana nan a ofisoshi da asibitoci da masaukai, da gidajen 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya da Ingila da Amurka.

2. Wayar gida marar igiya. Tana da tushe ɗaya da kawuna da ake yawo da su cikin gida. Wasu nau'o'inta, kamar wasu ƙirar Panasonic, ana haɗa su da salula ta Bluetooth: ka ajiye salularka kusa da tushen, cikin tazarar kamar mita 10, sai duk kiran da ya shigo maka ya buga a kawunan gaba ɗaya. Da yawa daga cikinsu suna barin wani kan ya shiga maganar da ake yi, sai idan an kulle wannan damar a saitin wayar.

3. Wayar tebur mai katin SIM. Surarta ta wayar girke ce, amma ta iska take karɓar kira kamar salula. Ana ajiye ta a shago ko a tsakar gida ta zama ta kowa.

4. Karkatar da kira. Ana saita salula ta tura kiran da ya shigo mata zuwa wata lamba. Idan kana son ka san ko an karkatar da kiranka, danna *#21# ka kira, idan kuma kana son soke kowace karkatarwa, danna ##002#. Wannan lambar karkatarwa kaɗai take nunawa, ba ta nuna ko wani yana sauraronka kamar yadda wasu suke yaɗawa. Kusa da wannan akwai jingina WhatsApp ɗin mutum ga wasu na'urori, har guda 4, ta yadda saƙonninsa za su riƙa bayyana a can.

Abin da ya haɗa waɗannan fuskoki shi ne, mai kira ba ya ganin wanda ya ɗauka, kuma bai san mutum nawa suke jin sa ba. Kusan duk hukunce-hukuncen da za su zo a kan wannan suke ginuwa.

Na biyu: asalin hukunci

Asali a abubuwan amfani na duniya shi ne halasci, sai abin da dalili ya hana. Aya ta 29 a Suratul Baƙara tana nuna cewa saboda mu Allah Ya halicci abin da yake bayan ƙasa. Haɗa wayoyi yana da amfani bayyananne: dattijuwar da ƙaramar waya take ba ta wahala, gidan da sabis ba ya kamawa sai a kusurwa ɗaya, ɗan kasuwar da ba ya son kiran abokin ciniki ya wuce shi, ma'aikacin lafiya da ake nema cikin dare. Babu laifi ka haɗa, kuma idan ka yi da niyyar sauƙaƙa wa iyaye ko sada zumunci kana da lada. Hukuncin yana canzawa ne gwargwadon abin da aka yi da haɗin.

Na uku: sauraron kiran da ba naka ba

Ka sani ya ɗan'uwa, ki sani ya 'yar'uwa, ɗaga ɗaya wayar a yi shiru ana saurare shi ne tajassusin da Allah Ya hana a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, inda Ya jera shi tare da mummunan zato da giba. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas (RA) cewa Annabi (SAW) ya yi wa mai kasa kunne ga zancen mutanen da ba sa son ya ji alkawarin narkakkiyar dalma a kunnuwansa ranar alƙiyama. Wannan narko mai tsanani ya sa malamai suka ƙirga aikin cikin manyan zunubai. Babu bambanci tsakanin laɓewa a bayan ƙofa da laɓewa a bayan layi. Kasancewar kai ka sayi wayar, ko kai kake biyan kuɗin layin, bai mallaka maka maganar da ake yi a kansa ba.

Idan ka ɗaga bisa kuskure ka tarar ana magana, ka ajiye nan take, ko ka yi sallama don su san ka shigo. Abin da ya riga ya shiga kunnenka amana ne. Ɗaukar sa a kai wa wani don a haɗa faɗa annamimanci ne, kuma gidaje nawa ne suka watse a kan kalma ɗaya da kishiya ko suruka ta tsinta daga tsakiyar zance, ba ta ji farkonsa ba ba ta ji ƙarshensa ba.

Na huɗu: miji da mata, iyaye da yara

Shugabancin da Allah Ya ba miji na kulawa ne da ciyarwa da shiryarwa, bai haɗa da leƙen asiri ba. Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana matafiyi ya faɗo wa iyalinsa cikin dare yana tuhumarsu da ha'inci ko yana neman ya kama su da laifi. Abu Dawud kuma ya ruwaito daga Mu'awiya (RA) gargaɗin cewa bin diddigin aibin mutane yana lalata su ne. Saboda haka bai halatta miji ya karkatar da kiran matarsa a ɓoye ba, ko ya jingina WhatsApp ɗinta ga wayarsa ba da saninta ba. Hukuncin ɗaya ne ga matar da ta yi wa mijinta haka.

Ko da ma'auratan sun yarda da haɗin a tsakaninsu, akwai haƙƙin mutum na uku. Mahaifiyar matarka ko ƙanwarta ko ƙawarta za ta iya kira da matsalar aure ko ta rashin lafiya wadda ba za ta taɓa faɗa a gabanka ba. Yardar matarka ba ta halatta maka sirrin waɗannan.

Idan ka ga alama mai ƙarfi ta ɓarna, hanyar shari'a ita ce magana a fili da nasiha, sannan a shigo da mai sulhu daga danginka da mai sulhu daga danginta, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Malamai irin su Al-Mawardi sun keɓe halin da amintaccen mutum ya kawo labarin ɓarnar da idan ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai, suka ce a nan mai hukunci zai iya bincike. Wannan ƙofar lalura ce, ba a buɗe ta da zato ko kishi.

Yara ƙanana kuwa, kula da wanda suke magana da shi yana cikin kiwon da za a tambayi iyaye a kansa. Mafi kyau a yi shi a sarari, yaro ya san ana duba wayarsa. Wayar gida da take ajiye a falo ta fi dacewa da yaro a kan salular da zai shige ɗaki da ita. Ɗan da ya girma ya mallaki hankalinsa, da 'yar da ta yi aure, sirrinsu nasu ne.

Na biyar: lasifika, shigo da wani kan layi, da naɗar murya

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir (RA) cewa idan mutum ya yi maka magana yana waiwaye, maganar ta zama amana a wuyanka. Mai kira ba ya iya waiwayawa, ya dogara ne da kai. Kada ka buɗe lasifika a cikin mutane, ko ka shigo da wani kan layin ya yi shiru, sai ka ce masa: wane yana jin mu. Shaihu Bakr Abu Zaid, a littafinsa Adabul Hatif, ya ƙirga naɗar muryar mutum ba da izininsa ba cikin ha'inci, musamman idan aka yaɗa ta. Ofis ko shagon da yake naɗar kira saboda aiki ya sanar da ma'aikata da masu kira.

An keɓe wanda ake zalunta. Wanda ɗan damfara ko mai barazana ko mai garkuwa da mutane ya kira, ya halatta ya naɗi maganar don ya kai wa hukuma, domin aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa. Ya tsaya a kan gwargwadon buƙata.

Na shida: ladubban kira a layin da ake tarayya

Kira neman izinin shiga ne, don haka malamai suka ɗora ladubbansa a kan ladubban sallama a ƙofa.

Ka fara da sallama, ka faɗi sunanka, ka faɗi wanda kake nema. Lokacin da Jabir ya ƙwanƙwasa ƙofar Annabi (SAW) aka tambaye shi ko wane ne, ya amsa da cewa shi ne ba tare da ya faɗi suna ba, Annabi bai ji daɗin amsar ba, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Kada ka fara zuba sirri kafin ka tabbatar da wanda ya ɗauka.

Neman izini sau uku ne a hadisin Abu Musa Al-Ash'ari. Idan ka kira sau uku ba a ɗauka ba, ka dakata ko ka tura saƙo, sai in lalura ce. Ka kiyaye lokuta ukun da aya ta 58 ta Suratun Nur ta ambata: kafin sallar asuba, lokacin ƙailula, da bayan isha'i. Wayar da aka haɗa tana bugawa a kowane ɗaki, kiranka ɗaya zai tashi gida duka. Ka lura da bambancin agogo: Saudiyya tana gaban Nijeriya da Nijar da awa 2, Sudan da awa 1, Gana kuma tana bayansu da awa 1.

Ya halatta mace ta ɗauki wayar gida ta amsa wa namijin da ba muharraminta ba, domin sahabbai sun kasance suna tambayar Nana A'isha (RA) daga bayan shamaki. Sharaɗin shi ne wanda aya ta 32 ta Suratul Ahzab ta gindaya: kada a lanƙwasa murya, a faɗi magana ta hankali. Mai kira idan ya ji maigida ba ya nan ya bar saƙo ya ajiye. Wanda ya karɓi saƙo kuma ya isar da shi yadda aka ba shi.

Na bakwai: ciniki ta waya

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba wannan mas'ala a zamanta na shida a Jidda, cikin Sha'aban 1410, daidai da Maris 1990. A ƙudurinta mai lamba 52 ta zartar cewa mutum biyu da suke magana a lokaci ɗaya ta tarho ko ta wayar iska, hukuncinsu na waɗanda suke majalisi ɗaya ne. Idan mai hatsi a Dawanau ya ce wa mai saye a Maraɗi ya sayar masa da buhu 50 na wake a kan farashi kaza, shi kuma ya ce ya saya, ciniki ya ƙullu, matuƙar an san nau'in kayan da adadinsu da kuɗinsu. A mazhabar Malikiyya ciniki yana lazimta da furucin kansa. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ba kowanne zaɓin fasawa kafin a rabu, kuma a waya ana ɗaukar ajiye kira a matsayin rabuwa. Idan layi ya yanke bayan tayi kafin amsa, a sake kira a sabunta maganar don a fita daga jayayya.

A shagon da wayar ta kowa ce, ka tabbatar da wanda ka yi magana da shi. Idan yaron shago ya sallama kaya ba tare da an ba shi wannan ikon ba, cinikin a wurin Malikiyya yana rataye ne da yardar mai kayan.

Ƙudurin ya fitar da abubuwa uku daga wannan hukunci: canjin kuɗi, salam, da aure.

Canjin kuɗi sharaɗinsa karɓa hannu da hannu kafin a rabu, saboda hadisin Ubada ɗan Samit a Sahihu Muslim, kuma kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa. Bai halatta ka kira ɗan canji a Wapa ku ƙulla canjin naira da sefa ko riyal, ka karɓi naka yau shi ya karɓi nasa mako mai zuwa ba. Haka matar da za ta sayi sarƙar gwal ta waya a kan za ta biya daga baya. Mafita ita ce kowanne ya sa wakilinsa ya karɓa yayin da ake kan layi, ko kuɗin su shiga asusun kowanne a lokacin. Majalisar, a ƙuduri mai lamba 53 na wannan zaman, ta ɗauki shigar kuɗi asusun banki a matsayin karɓa. Tambayar farashi kawai ba ƙulla ciniki ba ce, babu laifi a cikinta.

Salam shi ne a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya masu sananniyar siffa da awo a wani ajali, kamar biyan manomi kafin kaka. Dole a miƙa kuɗin a majalisin. Malikiyya sun yi rangwamen jinkiri har kwana 3.

Na takwas: ɗaurin aure

Majalisar ta hana ƙulla aure ta waya saboda sharaɗin shaidu, kuma kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya hana saboda yawan yaudara da kwaikwayon murya. Wasu malaman zamani sun halatta idan aka tabbatar da waliyyi da ango, kuma shaidu biyu suka ji tayi da karɓa. Ana iya dogara da murya idan an san ta sosai, shi ya sa Imamu Malik ya karɓi shaidar makaho a kan abin da ya ji. Amma yau akwai manhajojin da suke ƙirƙirar muryar mutum har na kusa da shi ya ruɗu, kuma al'amarin aure ya fi cancantar a yi masa ihtiyaɗi.

Abin da ya fi aminci shi ne wakilci, wanda dama shi muka saba da shi: wakilin ango da waliyyin amarya su zauna gaban shaidu. Annabi (SAW) ya auri Ummu Habiba tana ƙasar Habasha shi yana Madina, Sarki Najjashi ya tsaya a kan ɗaurin auren ya biya sadakin, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Ango ko waliyyin da yake nesa zai iya naɗa wakili ta waya, bayan waɗanda suka san shi sun tabbatar shi ne.

Na tara: saki

Saki ba ya buƙatar matar ta kasance a wurin. Idan miji mai hankali ya furta shi da lafazi bayyananne ta waya, ya auku, kuma idda ta fara daga lokacin. Cewa wasa yake yi ba ya amfanar da shi, domin hadisin Abu Huraira da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya sa aure da saki da kome cikin abubuwan da wasansu gaske ne.

Mai mata fiye da ɗaya ya yi hattara da wayar da ake tarayya. Shaihu Khalil ya kawo a Mukhtasar mas'alar mutumin da ya kira sunan ɗaya matarsa, ɗayar ta amsa, ya furta saki yana zaton wadda ya kira ce. A fatawa wadda ya nufa ce ta saku, amma idan magana ta je gaban alƙali da shaidu, duka biyun sun saku: ɗaya da nufinsa, ɗaya da lafazinsa. Wannan surar ce take iya faruwa idan kishiya ta ɗauki wayar gida.

Sannan mai saki daga nesa yawanci bai san halin da matar take ciki ba. Saki cikin haila haramun ne, duk da cewa yana aukuwa a wurin mazhabobi huɗu. Idan matar ta yi shakkar muryar, a tuntuɓi mijin a tabbatar. Idan ya musa alhali ita ta tabbata, ta kai maganar gaban alƙali, shi zai auna shaidu da muryar da aka naɗa idan akwai.

Na goma: kuɗin wa ake ci

Idan aka haɗa salula da wayar gida, kiran da ya fita ta layin salular kuɗin mai salular yake ci. Dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Ka nemi izini kafin ka kira da layin wani, sai idan al'adar gidan ta nuna an yarda. Wayar ofis ta aikin ofis ce, sai ɗan abin da masu wurin suka yafe. Shiga Wi-Fi ɗin maƙwabci ba da izininsa ba cin haƙƙi ne, balle a fasa lambar sirrinsa.

Abin da ya kamata mai irin wannan waya ya yi

Ka sanar da mutanen gidanka yadda aka haɗa wayoyin. Ka kulle damar shiga maganar wani idan wayarka tana da wannan saitin. Ka gaya wa masu kiranka cewa wani zai iya ɗauka. Maganar kuɗi mai yawa ka bi ta da rubutu, domin ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni da rubutawa da kafa shaidu. Maganar aure da saki kuwa, ka jinkirta ta har ka tabbatar da wanda kake magana da shi, kuma fushinka ya sauka. Wanda ya taɓa sauraron wani a ɓoye ya tuba, ya cire abin da ya haɗa, ya goge abin da ya naɗa, ya binne abin da ya ji.

Allah Ya tsare mana kunnuwanmu da harsunanmu. Allah ne Mafi sani.